Darasi na 7: Guzuma, A Bar Ta Ko A Kai Ta Kara?

Saniyar da ta daɗe a garke tana shiga rai. Da nononta aka yaye yara, da kuɗin maraƙinta aka yi wa 'yar gida kayan ɗaki. Shi ya sa in ta tsufa mai ita ke ta jan ƙafa, yana cewa, "Bari dai ta ƙara haihuwa ɗaya." Sau da yawa wannan haihuwa ɗayar ce ke kwantar da ita.

Fara da bakinta. Kama hancinta, ka janye leɓen ƙasa. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai. A ƙasa akwai guda 8, kuma na dindindin suna gama fitowa wajen shekara 5. In ta kai shekara 10 ko fiye, za ka tarar sun cinye, sun yi gajeru, giɓi ya shiga tsakaninsu, wani ma yana girgiɗi. Ka bi ta kiwo wata safiya ka gani. Za ta finciki ciyawa ta zame mata, sa'o'inta sun ƙoshi sun kwanta tuƙa, ita tana tsaye tana fama. Da damina ba a gane wannan, don ciyawa na da laushi. Sai rani ya yi, abinci ya koma karan dawa da busasshen haki, a ga haƙarƙarinta ya fito ɗai-ɗai.

Sai lissafin haihuwa. Cikin saniya wata 9 ne. Ko jinsin bokolo ce ko jinsin bunaji, in ta shekara 2 ba ta ɗauki ciki ba, alhali bijimin garken yana barbarar sauran suna haihuwa, to matsalar daga gare ta take. In kuwa duk shanun ne suka tsaya, kada ka ɗora wa tsohuwa laifi, bijimin za ka tuhuma.

Hantsa kuma, tambayi mai tatsa. Uwargida ta fi ka sanin wane kan nono ya taurare ya daina kawowa, da yadda ƙwaryar ta ragu daga bara zuwa bana.

Saniyar da ke ɓari, musamman in ciki ya tsufa, a kira malamin dabbobi. Yana iya zama bakkale, cutar da ke yaɗuwa a garke, tana kuma kama mutum ta ɗanyen nono. A riƙa tafasa madara, kada a taɓa mahaifa da hannu tsirara.

In haƙori na nan, hantsa lafiya, tana haihuwa a kai a kai, bar abarka ko shekarunta nawa. In ba haka ba, ka sayar tun da sauran tsoka. Lokacin da ya fi shi ne kaka, harawa na da araha. Ɗaure ta a turke wata 2 zuwa 3, ka ba ta harawa da jiƙaƙƙiyar dusa da ɗan kanwa, sannan ka kai ta kara, misali kasuwar Talatar Mafara. In an yi mata allura, a jira kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa kafin ta je hannun mahauta. Wanda ya jira bazara, ta kwanta sai an ɗaga ta da itace, abin da mahauci ya ga dama shi zai bayar.

Kuɗinta kuwa, a sa a karsana. In tana da 'ya mace, ita za a riƙe, ta gaji uwar.

Aikin gida: Duba bakin saniyar da ta fi tsufa a garkenku. Rubuta haƙoranta nawa suka rage, da watan da ta yi haihuwar ƙarshe.