Ciwon Fata Mai Naci da Ciwon Damuwa: Yadda Za a Bi da Su Tare

Mai kirci ko soriyasis (ciwon fata mai sa kauri da ɓawo) yakan je asibiti ya dawo da man shafawa, ba tare da an tambaye shi rabonsa da barci mai daɗi ba. Daga nan magani yake fara tangarɗa. Cututtukan fata masu kumburi da naci, irin su kirci, soriyasis, borin jinin da ya haura mako 6, da marurai masu yawan dawowa a hammata da matsematsi, sun fi zuwa da ciwon damuwa da fargaba fiye da yadda ake zato. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa soriyasis cuta ce mai tsanani wadda ba a ɗauka daga wani, ya kuma ja hankali kan tsangwamar da masu ita ke sha.

Hanya mafi kusa tsakanin fata da rai ita ce dare. Ƙaiƙayi yana tsananta idan an kwanta, susa ta yage fata, fata ta ƙara kumbura, ƙaiƙayi ya dawo da ƙarfinsa. Duk wanda ya shafe watanni a haka, ko ba shi da wata matsala a duniya, sai ya zama mai saurin fushi da kasala. Akwai kuma hanya ta cikin jini: sinadaran kumburi kamar TNF da IL-6, da garkuwar jiki ke fitarwa a soriyasis, ana samunsu da yawa a jinin wasu masu ciwon damuwa. Ɓacin rai shi ma yana tayar da ciwon. Ga kuma idon mutane. A baƙar fata soriyasis ba ya fitowa ja, toka-toka yake ko shunayya mai duhu da ɓawo, sai a yi masa kallon kuturta, a ƙi ba shi hannu, a matsa daga kusa da shi a sahu.

A fara da littafi, ba da magani ba. Kowace safiya har mako 2 a rubuta lambobi uku: ƙaiƙayin jiya daga 0 zuwa 10, sa'o'in barci, da nauyin rai daga 0 zuwa 10. A gefe a saka duk wani sabon abu: sabulu, ƙwaya, rigima a gida, jarrabawa, shigowar hunturu. Amfaninsa shi ne ya nuna wa ke riga wa. Idan rai na ɓaci ne bayan daren da aka kwana susa, gyaran barci zai ɗauke rabin aikin. Idan fata ta lafa amma nauyin rai bai motsa ba, damuwar ta tsaya da ƙafarta, tana buƙatar nata maganin.

Sai tambayoyi biyu da likitoci ke kira PHQ-2. A cikin mako biyun da suka wuce, sau nawa mutum ya rasa jin daɗin abin da ya saba so? Sau nawa ya ji ransa a dagule ko ya fid da rai? Kowace ana ba ta maki 0 in babu, 1 in wasu kwanaki ne, 2 in fiye da rabin kwanakin, 3 in kusan kullum. Jimilla 3 ko sama tana nufin a cike PHQ-9, takardar tambayoyi 9 kan ciwon damuwa, a asibiti, inda maki 10 cikin 27 ke nuna damuwar da ta kai a yi mata magani. Akwai kuma DLQI, tambayoyi 10 da aka tsara a Cardiff a 1994, masu auna yadda fata ta taɓa aiki, sutura da zaman aure. Abin da ya haura 10 cikin 30 babban nauyi ne. Kada a auna wahala da faɗin ciwo. Tabo ɗaya a fuska, tafin hannu ko al'aura ya kan fi bayan da ya cika da ƙuraje hana mutum sakat.

Gyaran dare yana farawa daga wanka. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, minti 5 zuwa 10, ba soso mai kaushi, ba Dettol a bokiti. Dirza ba ta cire soriyasis, hasali ma sabon ciwo yakan tsiro a inda aka kurje. A dannan jiki da tawul, a shafa man kaɗe ko baselin marar turare kafin fata ta bushe. Yawancin mutane a nan suke kasawa: babba mai kirci a jiki da yawa zai iya cinye giram 250 zuwa 500 a mako, a hunturu ma fiye. Man sitiroyid, wato man rage kumburi da likita ya rubuta, kuwa da yatsa ake auna shi. Abin da aka matso daga kan manuniya zuwa gaɓar farko kusan rabin giram ne, yana isar wuri mai faɗin tafin hannu biyu. A bar kamar minti 30 tsakaninsa da man laushi. A yanke farce. Idan susa ta taso, a dunƙule hannu na daƙiƙa 30, sannan a danna wurin ko a ɗora tsumma mai sanyi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne kwandon magunguna, don haka a kwashe komai a kai wa likita, har da na kemis da na gargajiya. Prednisolone da dexamethasone na sha suna kwantar da fata cikin kwanaki, shi ya sa ake son su, amma suna hana barci, suna kawo fushi ko zumuɗi marar dalili, wani lokaci damuwa mai zurfi. Idan aka daina su farat ɗaya kuma, soriyasis na iya dawowa da ruwan mugunya a duk jiki; ragewa ake yi a hankali bisa umarni. Man shafe-shafe mai clobetasol yana sirantar da fata, ya bar nankarwa da tabon da ke ƙara kunya. Chloroquine, propranolol da lithium duk suna iya tayar da soriyasis. Na lithium yana da sarƙaƙiya: shi ke riƙe da mai ciwon ƙwaƙwalwar da ke kai mutum daga zumuɗi zuwa damuwa (bipolar), don haka ba a ajiye shi don fata sai likitan ƙwaƙwalwa da na fata sun yi magana. Mai shan isotretinoin don ƙurajen fuska ko apremilast don soriyasis, iyalinsa su sa ido kan canjin hali. Piriton ba ya warkar da ƙaiƙayin kirci, barci kawai yake sawa, kuma yana barin kasala da safe wadda ake iya ɗauka damuwa ce.

Idan an tabbatar da ciwon damuwa, magunguna irin su sertraline da fluoxetine ba sa nuna aiki sai bayan mako 2 zuwa 4, kuma ana ci gaba da su aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Masu dainawa a mako na farko saboda tashin zuciya su ne ke cewa ba ya aiki. Zaman tattaunawa da ƙwararre yana taimakawa, musamman ga wanda ya daina shiga jama'a. Addu'a ba ta hana ɗayansu. Wanda aka sa wa carbamazepine ko lamotrigine, magungunan farfaɗiya da ake ba mai bipolar ma, ya ga ƙuraje da zazzaɓi, ko gyambo a baki da ido a cikin wata biyun farko, asibiti zai nufa a ranar, kada a ce tsohon ciwon ne ya motsa.

Haka nan idan mai ciwon ya fara cewa gara mutuwa. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya, shinkafar ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai shi asibiti mafi kusa, ko na ƙwaƙwalwa kamar na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato ko Dawanau a Kano. In ba gaggawa, a koma wurin likita bayan mako 4 zuwa 6 da littafin nan a hannu, a sake cike PHQ-9 da DLQI, a kwatanta da makin farko kafin a canza ko da ƙwaya ɗaya.