Yadda za ku bibiyi sauƙin mai shanyewar ɓarin jiki da gwajin jijiya

In Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, kar ku tsaya kan "ai da sauƙi" kawai. Ku tambayi likitan jijiya a asibitin Malam Aminu Kano ko za a masa EMG, wato gwajin da ke nuna ko saƙon ƙwaƙwalwa na isa tsokar hannu, wani lokacin na'ura na ganin motsi tun yatsa bai ɗaga ba.

Ranar gwaji kar a shafa masa mai ko basilin, don in an shafa, wayoyin na'urar ba sa kama fata. In yana shan warfarin, wato maganin tsinka jini, ku faɗa tun kafin a sa masa allurar gwajin a tsoka, wannan kam ba wasa.

Ku adana rizal ɗin a fayil ɗaya da kwanan wata, a maimaita a kwatanta, musamman wata 3 na farko da jiki ya fi saurin dawowa. Fisiyo kuma, wato motsa jikin da ake masa a asibiti, kar a fasa.