Kafin Yarinya Ta Juya Sau Uku a Iska, Ta Fara Koyon Dira

Duk wanda ya leƙa harabar Filin Wasa na Ƙasa a Surulere da yamma zai ga yara da takalmin taya suna shawagi, har da 'ya'yanmu na Idi-Araba da Agege. Wasu sun ga gasar zamiya a kan ƙanƙara a waya, sun fara kwaikwayon tsallen. Ƙanƙara ba abin ƙasarmu ba ce, amma babban ɓangare na horon tsalle a kan tudu ake yinsa, kuma a nan ake shuka rauni idan an bi ta baibai.

Tsallen iri shida ne. Ƙarfen da ke ƙasan takalmin zamiya a kan ƙanƙara yana da kaifi biyu, na ciki da na waje, sai haƙora a gaba. Ga mai juyawa hagu, wadda ita ce mafi yawa: Salko daga kaifin ciki na ƙafar hagu ake tashi, ana tafiya da baya. Luf kuma daga kaifin waje na dama. To-luf, Filif da Luts sai an soka haƙora a ƙanƙara. Filif da Luts kamar tagwaye suke, kaifi ne ya raba su: na farko daga ciki, na biyu daga waje. A Luts, yarinya na yawan tafiya a kaifin waje, daf da tashi sai idon sawu ya karkata ciki, alƙalai su rage maki. Aksel kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, shi ya sa yake da ƙarin rabin juyi. Duka shidan wuri ɗaya suke sauka: ƙafar dama, kaifin waje, da baya.

Wannan ƙafa ɗaya ita ce abin kulawa. Zaman iska bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma nauyin dira kan kai ninki 5 zuwa 8 na nauyin jiki. Don haka a fara da dira, juyi ya biyo baya.

A sa takalmin gudu mai laushin ƙasa, a nemi ciyawa ko daɓen katako. Siminti da intalok ba sa sassauta wa gwiwa. Bayan ɗumama jiki na minti 10 da igiyar tsalle, yarinya ta yi tsalle miƙe ba juyi, ta sauka kan ƙafar dama. Gaban tafin ƙafa ne zai fara taɓa ƙasa, diddige ya biyo, gwiwa ta lanƙwashe daidai saitin yatsu, ƙafar hagu ta miƙe baya, hannaye a buɗe. Ta tsaya cak a ƙirga uku. Mai horarwa ya durƙusa gabanta ya kalli gwiwar: idan tana faɗawa ciki, tsokar ƙugu ce ba ta da ƙarfi, kuma ba a ƙara juyi sai an gyara wannan. Idan ta iya sau goma a jere ba tangaɗi, sai a ƙara juyin kwata, sai rabi, sai cikakke.

A iska kuwa, ba a fizgar juyi da kafaɗa. Sai jiki ya bar ƙasa ake haɗe hannaye a ƙirji, ƙafar hagu ta harɗe kan dama, kai a tsaye. Wadda ta riga jefa kafaɗar hagu baya za ta tashi a karkace, ta dira juyi bai cika ba, ƙafa na ƙasa jiki na ci gaba da murɗawa. Nan idon sawu da gwiwa ke shan wuya.

A riƙa ƙirga tsalle ana rubutawa. Ga mai farawa, 20 zuwa 30 a zama ɗaya sun isa, sau uku a mako, da ranar hutu tsakani. Yawancin raunin wasan nan daga maimaici yake, ƙashi yana tsagewa a hankali a ƙwauri, ko saman ƙafa, ko ƙasan baya. Alamarsa ciwo ne da yarinya za ta nuna da yatsa ɗaya, yana ƙaruwa da tsalle. Ba a kai shi wurin mai ɗori, ba a rufe shi da man zafi. A dakata, a je asibiti, a kuma sani cewa hoton farko kan iya fitowa lafiya alhali tsagar na nan. Iyaye mata su lura da wani abu: yarinyar da ke rage abinci don ta yi sauƙin tashi, har al'adarta ta ɗauke wata uku, ƙashinta na rauni ne.

Gasar duniya ma ta koyi darasi. Midori Ito ta Japan ce mace ta farko da ta dira Aksel mai juyi uku a gasa, a 1988, Miki Ando ta yi Salko mai huɗu a 2002. A Olamfik na Beijin a 2022, Alexandra Trusova ta Rasha ta jera tsalle mai juyi huɗu har biyar, ta tashi da lambar azurfa. A shekarar ce hukumar wasannin zamiya a kan ƙanƙara ta duniya, ISU, ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17, mataki-mataki, don kare lafiyar yara.

Lissafin maki ma yana goyon bayan haƙuri. Luts mai uku maki 5.9 ne, Aksel mai uku 8.0, amma idan juyi ya gaza da fiye da kwata ana rage tushen makin, idan ya gaza da rabi sai a mayar da shi matakin ƙasa, faɗuwa kuma ta ci wani maki. Kaori Sakamoto ta Japan ta ci kofin duniya a 2022, 2023 da 2024 ba tare da juyi huɗu ko Aksel mai uku ba. Gudu, nisan tsalle da tsaftar dira ne suka ba ta.

Na ƙarshe, takalmin zamiya: a ɗaure igiya tam a idon sawu, a sassauta sama yadda yatsa zai shiga. Idan fatar gefen ta karye ta yi layi mai zurfi, ya daina riƙe ƙafa, a canza shi kafin a sake tsalle.