Gyaran Nima da Mamobi: kurakuran da aka fi yi da yadda za a kauce musu

Jama'a duk sanda aka tada maganar sake gina unguwannin Nima da Mamobi na Accra, hoton dogon bene mai gilashi ake nuna mana, amma ba mai cewa ina hajiya mai koko da ƙosai za ta kafa teburinta. Wannan shi ne babban kuskuren, a zana ɗakunan kwana a manta unguwa ciki gareta. Mai waakye, tela, mai aski, mai cajin waya, mai kemis, su ne suke sa mutum ya fito da silifas ya gama hidimarsa bai hau trotro ba. Gyaran mai sauƙi ne, ƙasan kowane bene a barshi shaguna, kuma a sa a cikin zanen tun farko, ba sai an gama gini azo ana liƙa kontena a bakin titi ba.

Sai kuma a rushe kafin a tanadi inda mutane za su koma. Mun gani a 2021 da aka kwashe 'yan albasa daga Agbogbloshie aka kaisu Adjen Kotoku, can gaba da Amasaman, da yawansu 'yan uwanmu ne, kuma ko wurin yana da faɗi ai kostoma ba ya bin mutum don Allah, wacce ta saba sayen albasa a cikin gari sai ta lissafa kuɗin mota da go-sulo kafin ta taho. In za a taɓa kasuwar Nima to a fara rubuta sunan kowa da abin da yake sayarwa, har masu tebur da masu talla, a basu wurin wucin gadi a cikin unguwar, sannan a kawo buldoza.

Nan ma akwai tarko. A gina sito masu kyau, sai kuɗin gudwil (kuɗin kama shago) da adibas na shekara biyu su kori ainihin masu wurin, wani mai kuɗi daga waje ya kama uku ya rufe. Dokar haya ta 1963 wata 6 ta yarda a karɓa gaba, kowa ya san ba a bi. Don haka kar a yarda da alkawarin baki, ƙungiyar 'yan kasuwa ta sa a rubuta nawa ne, wa zai fara zaɓa, kuma a ware ƙananan rumfuna na biyan wata-wata, don mai sayar da yaji da daddawa ba ta buƙatar shago mai tayil.

Gota kuwa ba sai na ja ba. Ruwan Nima kogin Odaw yake gangarawa, kuma wanda ya ga 3 ga Yuni 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah Circle, inda ambaliya da gobara suka ci rai sama da 150, ya san ba a gini kan hanyar ruwa. Gota da wurin zuba bola tukuna, fenti daga baya.

Masu gida kuma Alhaji ku yi haƙuri zan faɗa. Maida bayan gida ɗakin haya, da tura kiyos cikin lungu har ya zama ambulan ko motar kashe gobara ba ta shiga, kai ko makara da ƙyar take wucewa, wannan ba gwamnati ta yi ba. In za ka tada gidan gado, bar bayan gida da famfo, ka ja katanga baya kaɗan.

A 2017 aka yi dokar kafa Zongo Development Fund, asusun gwamnati na raya zanguna, an yi filayen ƙwallo na roba, samari sun ji daɗi ban musa ba, amma a ganina ruwa da asibitin unguwa da ajin makaranta sun fi gaggawa. Su kuma ba a samu sai an je an nema. Nima tana ƙarƙashin Ayawaso East, Mamobi Ayawaso North, ku matsa wa asambiliman ɗinku, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma, ya nuna muku zanen kafin a sa hannu, kuma a sa taron bayan la'asar ba ranar Laraba ba, don ranar kasuwa ce mata ba za su samu zuwa ba.