Yadda matafiyi zai ci moriyar ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta Birtaniya

Wanda ya saba da jirgin Abuja zuwa Kaduna ya san hukuma ɗaya ce ke da layin dogon, ita ke da jirgin, ita kuma ke sayar da tikiti. A Birtaniya ba haka abin yake ba. Tun da aka yi dokar 1993 wadda ta wargaza tsohuwar hukumar British Rail, layin dogo da manyan tashoshi suna hannun hukuma guda, wadda a yau ita ce Network Rail, jiragen fasinja kuwa kamfanoni kimanin 20 ne ke tafiyar da su, kowanne da yankinsa da launin taragunsa. Duk da haka mutum yana iya sayen tikiti ɗaya a ƙaramar tashar ƙauye, ya hau jiragen kamfanoni uku, ya sauka a ɗaya ƙarshen ƙasar ba tare da an nemi ƙarin ko sisi daga gare shi ba. Mai riƙe da wannan tsari ita ce ƙungiyar Rail Delivery Group, wadda aka kafa a 2011, ta kuma haɗe da tsohuwar ƙungiyar kamfanonin, wato ATOC, a 2016.

Matsayinta ya yi kama da na ƙungiyar direbobi a tashar mota: ba ta da mota ko ɗaya, amma ita ke tsara layi da ƙa'idar da kowa zai bi. Wannan bambanci shi ne abin da baƙo ya fi buƙatar ya riƙe. Bayanin zirga-zirga, da katin rangwame, da ƙa'idojin tikiti, da tsarin taimaka wa masu buƙata ta musamman, duk na haɗin gwiwa ne, suna aiki a kan kowane kamfani. Amma idan magana ta zo kan diyya ko ƙorafi, ƙofar kamfanin da ya ɗauke ka za ka ƙwanƙwasa, ba ta ƙungiyar ba.

Fara da shafin National Rail Enquiries ko manhajarsa ta waya, domin ƙungiyar ce ke gudanar da shi, kuma ba ya fifita wani kamfani a kan wani. Ka rubuta tashar tashi da ta sauka da ranar tafiya, zai jero maka jiragen dukan kamfanoni da farashinsu, tsakanin tashoshi fiye da 2,500. Bayanin da yake nunawa yana fitowa ne daga wata na'ura mai suna Darwin, wadda ita ce kuma ke ciyar da allunan da ke rataye a tashoshi, saboda haka abin da ka gani a wayarka shi ne abin da mai tsaye a tashar yake gani. Ka sake dubawa da safiyar ranar tafiya, musamman idan Lahadi ce, domin a ƙarshen mako ake yawan gyaran layin dogo, a sa fasinjoji a motocin bas tsakanin wasu tashoshi, tafiyar awa biyu ta koma ta awa uku. Ranar 25 ga Disamba babu jirgi kwata-kwata, washegari ma kaɗan ne ke fitowa. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan da jiragen Arewacin Ireland ba sa cikin wannan tsari, kowannensu da hukumarsa.

Kafin ka sayi tikitin farko, ka tsaya ka duba ko ka cancanci katin rangwame da ake kira Railcard, wanda yake rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin yawancin tikiti a kan dukan kamfanoni. Tun watan Maris na 2025 farashin yawancin katunan fam 35 ne a shekara, ma'ana da zarar tikitin da ka saya ya kai na fam 105, katin ya biya kansa, kuma tafiya mai nisa ɗaya ko biyu takan kai hakan. Akwai na masu shekara 16 zuwa 25, da na masu 26 zuwa 30, da na dattawa daga shekara 60. Akwai na mutum biyu masu tafiya tare, wanda ke ɗauke da sunayensu da hotunansu, ba ya kuma aiki sai suna tare. Akwai na iyali, wanda ke rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara masu shekara 5 zuwa 15 kuma kashi 60 cikin ɗari, muddin akwai aƙalla yaro ɗaya a tafiyar. Na masu buƙata ta musamman fam 20 ne, yana kuma rage wa wanda ya rako su. Ba sai ɗan ƙasa ba, fasfo ya isa shaidar shekaru.

Abin da ɗalibanmu masu zuwa karatun digiri na biyu da na uku suka fi rasawa shi ne cewa katin 16 zuwa 25 bai tsaya ga matasa kaɗai ba. Ɗalibi mai cikakken karatu a jami'ar Birtaniya yana iya samunsa ko da ya haura shekara 40, in dai jami'ar ta cike masa takardar shaida. Sai dai katin yana da sharaɗi: daga ƙarfe 4:30 zuwa 10 na safe a ranakun aiki, ba a rage tikiti ya yi ƙasa da fam 12, in ban da watannin Yuli da Agusta. Kuma duk wanda ya sayi tikiti da rangwame dole ne katin ya kasance tare da shi a cikin jirgi. Mai duba tikiti ba ya karɓar hanzarin cewa an manta shi a gida ko cajin waya ya ƙare. A Ingila tarar rashin sahihin tikiti fam 100 ce ban da kuɗin tafiyar, tana komawa fam 50 idan an biya cikin kwana 21.

Tikiti iri uku ne, sunayensu ɗaya ne a kowane kamfani. Anytime shi ne mafi tsada, ana hawa da shi a kowane lokaci. Off-Peak na lokacin da cunkoson masu zuwa aiki ya lafa ne, amma kada ka ɗauka akwai awa ɗaya da ta shafi ƙasar baki ɗaya, kowace hanya da iyakarta, sai ka karanta sharaɗin tikitinka. Advance shi ne mafi araha, yakan fito kimanin mako 12 kafin tafiya, farashinsa yana hawa yayin da kujeru ke ƙarewa, kuma na jirgi ɗaya ne tak a awa ɗaya tak. Idan ka makara da laifinka, tikitin ya mutu. Idan kuwa tafiyar ta ƙunshi sauya jirgi, jirgin farko ya makara har na biyun ya tafi ya bar ka, ƙa'idojin sufuri na bai ɗaya da dukan kamfanonin suka sa wa hannu sun ba ka damar hawa na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, sai dai yana da kyau ka sanar da ma'aikacin tasha kafin ka hau. Don haka wanda zai sauka daga jirgin sama ya yi hattara da Advance, domin jinkirin jirgin sama ko dogon layin jami'an shige da fice ba ya cikin abin da ake yafewa.

A ɗauki misalin mai tafiya daga Bristol zuwa York. Yana iya hawa jirgin kamfanin CrossCountry ya bi ta Birmingham kai tsaye. Yana kuma iya hawa na GWR zuwa tashar Paddington a Landan, ya ratsa birnin ta jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa King's Cross, ya hau na LNER. A jikin tikitin akwai layin da ke faɗin hanyar da aka yarda a bi, wani ya hana bi ta Landan, wani ya yarda, kuma wanda ya yarda yakan ɗauki 'yar alama mai kama da gicciye, wadda ke nufin kuɗin ratsa Landan yana ciki. Kuɗin da ya biya sau ɗaya, wani sashen ƙungiyar mai suna Rail Settlement Plan ne ke raba shi tsakanin kamfanonin, ta hanyar lissafin da ke kintata yawan fasinjojin da kowane jirgi zai ɗauka a kan hanyar. Fasinja ba ya ganin wannan aiki, amma ba don shi ba da kowane kamfani tikitinsa kaɗai zai karɓa. Amfanin sanin haka a aikace shi ne, kana iya sayen tikitin kowace hanya daga shafin kowane kamfani, kuma kamfanonin jiragen ba sa ɗora kuɗin hidima, alhali wasu dillalan intanet suna ɗorawa.

Ga tsoho, ko makaho, ko mai keken guragu, ko wanda ba ya iya hawa matakala, akwai tsarin Passenger Assist, kyauta ne. Ana nema ta waya ko ta manhaja har zuwa awa biyu kafin tafiya, kuma nema ɗaya ya isa ko da tafiyar ta ƙunshi kamfanoni da yawa, domin su ke miƙa wa juna bayanin. Ma'aikaci zai tarye shi, ya shimfiɗa gadar hawa da keke, ya kai shi kujerarsa, ya kira tashar sauka. Wanda ya kawo mahaifiyarsa ganin likita ya yi amfani da shi, ya kuma isa tashar da wuri.

Diyyar jinkiri ita ce wurin da mutane suka fi barin haƙƙinsu. Sunan tsarin Delay Repay, kuma ana auna jinkirin ne da lokacin da ka isa tasharka ta ƙarshe, ba lokacin da jirgi ya tashi ba. A yawancin kamfanoni, jinkirin minti 15 zuwa 29 yana jawo maido da kashi 25 cikin ɗari na tikitin zuwa kawai, minti 30 zuwa 59 rabi, awa ɗaya zuwa ƙasa da biyu dukan kuɗin, daga awa biyu kuma har kuɗin zuwa da dawowa. Wasu kamfanoni, kamar LNER da ScotRail, daga minti 30 suke farawa. Wanda ya biya fam 60 na tikitin zuwa kawai ya isa a makare da minti 40, fam 30 ne haƙƙinsa, ko da ruwan sama ne ya jawo jinkirin. Ana nema cikin kwana 28 a shafin kamfanin da jirginsa ya fara jawo jinkirin, ba wurin dillalin da ya sayar da tikitin ba. Saboda haka idan tikitin takarda ne, ka ɗauki hotonsa tun kana cikin jirgi, domin ƙofar fita ta tasha takan haɗiye shi, ko kuma ka nuna wa mai tsaron ƙofar ya buɗe maka da hannu. Idan kuwa an soke jirgin ka fasa tafiyar gaba ɗaya, nan wurin wanda ya sayar maka za ka koma ya maido da kuɗinka cif.

Idan kamfani ya ƙi biya ko ya yi biris da ƙorafi, ka rubuta masa a hukumance ka adana lambar ƙorafin. Bayan kwanakin aiki 40, ko da zarar ya ba ka wasiƙar cewa ya gama magana, kana iya kai ƙara ofishin Rail Ombudsman, mai raba gardama tsakanin fasinja da kamfani, wanda ya fara aiki a Nuwamba 2018. Ba a biyan kuɗi, kuma hukuncinsa ya zama dole a kan kamfanin idan ka amince da shi. Kada ka sa ran ƙungiyar kamfanonin ta tsaya maka a irin wannan rigima, domin wakiliyarsu ce. Ita ce ta zauna a madadinsu wajen tattaunawa da ƙungiyoyin ma'aikata a yajin aikin da ya fara a 2022, ita ce kuma ta gabatar da shirin rufe yawancin ofisoshin sayar da tikiti na Ingila a Yuli 2023, shirin da gwamnati ta sa aka janye a Oktoba bayan jama'a sun aika da martani kimanin 750,000. A ganina janyewar alheri ce ga baƙo musamman, domin ma'aikacin da ke bayan gilashi yakan gano maka tikiti mai sauƙi wanda na'ura ba za ta nuna ba.

Sunayen da ke jikin jiragen suna cikin sauyi. Dokar 2024 ta tanadi maido da kamfanonin fasinja hannun gwamnati ɗaya bayan ɗaya yayin da kwangilarsu ke ƙarewa, an fara da South Western Railway a Mayu 2025, da nufin haɗa su da layin dogo ƙarƙashin hukuma guda mai suna Great British Railways. Katin rangwame da tikitin da ka saya suna ci gaba da aiki idan kamfani ya sauya hannu, amma kafin ka cike takardar neman diyya ka duba sunan kamfanin da ke rubuce a bayanin tafiyarka na ranar, ka nema a shafinsa.