Yadda ake amfani da jak mai aiki da iska da matokarinsa a ƙarƙashin babbar mota

Duk bakaniken da ya taɓa buga hannun jak mai ɗaukar tan 30 a ƙarƙashin tirela ya san dalilin da ya sa jak mai aiki da iska ya samu karɓuwa a gareji. Aikin da kan jiƙa mutum da gumi ya koma na danna maɓalli, aksil ya tashi cikin ɗan lokaci. To amma wannan sauƙin ne ke sa wasu sakaci, har mutum ya kutsa ƙarƙashin motar da babu abin da ke riƙe da ita sai iska da mai, alhali tiyo na iya tsinkewa, robar cikin silinda kuma na iya fashewa ba tare da wata alama ba. Aikin iska ɗagawa ne kawai, riƙewa kuwa aikin ƙarfe ne.

Kayan iri biyu ne. Akwai jak ɗin da iska ke tura famfon mai a cikinsa, man kuma ya ɗaga sandar. Shi wannan sai an kawo masa matokarin ƙarfe daban bayan ya ɗaga motar. Akwai kuma wanda ya haɗa aikin biyu, wato iska ta tura sandarsa sama, sannan a zura sakatar ƙarfe a ɗaya daga cikin ramukan sandar, nauyin ya koma kanta. Kowanne ke hannunka, kada hannu ko kai ya shiga ƙarƙashin mota sai nauyinta ya zauna a kan ƙarfe. A Amurka, dokar hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata ta wajabta cewa da zarar an ɗaga kaya da jak, a tokare shi nan take.

Kafin komai, a san nauyin da za a ɗora. Aksil ɗin gaba na kan tirela yakan ɗauki tan 6 zuwa 7, na baya mai tayoyi huɗu kuma yakan kai tan 11 da ɗoriya idan an yi lodi bisa ƙa'ida, kuma kowa ya san yadda motocin siminti da na hatsi ke wuce ƙa'ida a hanyoyinmu. Saboda haka idan da hali a sauke kayan tukuna. A karanta rubutun da ke jikin matokarin da kyau, domin kamfanoni da yawa suna rubuta ƙarfin guda biyu ne a haɗe, ba na ɗaya ba. Wanda aka rubuta wa tan 12 yana iya kasancewa tan 6 ne kowane ɗaya. Wanda rubutunsa ya goge, ni dai ba zan yarda da shi a ƙarƙashin motar da ke da lodi ba. Tankar mai tana da nata haɗarin, musamman wadda ba ta cika ba, don da an ɗaga gefe ɗaya ruwan da ke ciki zai gangara ɗaya gefen, nauyin ya sauya wuri.

Sai wurin da za a girka kayan. Daɓen kankare mai kauri, shimfiɗaɗɗe, shi ne daidai, sai dai yawancin gyaran manyan motoci a ƙasa ake yinsa, a bakin hanya ko a filin gareji. Ƙasar da ta sha ruwan damina tana lotsawa sannu a hankali, kwalta kuma tana laushi da zafin bazara, ƙafar matokari ta nutse ta gefe ɗaya har ya karkace. A irin wannan wuri a shimfiɗa farantin ƙarfe mai kauri, ko katako mai ƙwari wanda ya fi gindin matokarin faɗi. Bulon siminti ba abin ɗora mota ba ne, domin ba ya lanƙwasa balle ya yi gargaɗi, rugujewa yake yi lokaci guda.

A kashe injin, a cire makulli a sa a aljihun wanda zai yi aikin, a ja birkin ajiya, sannan a sa waigi gaba da bayan tayoyin da za su tsaya a ƙasa. Maganar waigi tana buƙatar a nanata ta. A yawancin manyan motoci birkin ajiya tayoyin baya kaɗai yake kamawa, don haka da zarar an ɗaga baya, babu abin da zai hana motar gangarawa sai waigin da ke tayoyin gaba. Idan motar mai jakar iska ce a madadin sifirin, a saki iskar jakunkunan kafin a tokare, ko kuma a bi abin da littafin motar ya ce, domin jakar da ta sace a tsakiyar aiki tana sauko da shasi a kan wanda ke kwance tsakaninsa da aksil.

Yawancin waɗannan jak suna son iska mai ƙarfin 90 zuwa 120 a ma'aunin iska na psi, wato kimanin 6 zuwa 8 a ma'aunin bar, amma adadin da ke jikin naka shi ne abin bi. Tankin iskar birki na babbar mota yakan riƙe kusan wannan ƙarfin, shi ya sa direbobi ke jona jak da shi a kan hanya. Hakan yana yiwuwa, sai dai kada a tayar da injin motar da ke ɗage don a ƙara iska, saboda girgizar na iya zamar da ita. A tara iskar tun tana ƙasa, ko a jawo daga wata motar. A duba tiyo daga farko har ƙarshe, a tabbata mahaɗinsa ya kama, kuma a shimfiɗa shi inda ba za a taka shi ba.

Wurin ɗora kan jak shi ne inda kamfanin motar ya nuna, galibi ƙarƙashin aksil kusa da mazaunin sifirin, ko jikin shasi inda ya miƙe. Ba a ɗora shi a tukunyar baƙin mai, ko tankin iska, ko sandunan sitiyari. A tsaya daga gefe, a ba da iska kaɗan kaɗan har kan jak ya taɓa ƙarfen, a tsaya a duba ko ya zauna a tsakiya, sannan a ci gaba. Idan sandar ta fara jirkicewa, a sauke a sake girkawa, kada a ce ai saura kaɗan. Tsayin da aikin ke buƙata kawai za a ɗaga, domin kowane rami da aka ƙara yana rage wa matokari tsayuwa.

Da an kai tsayin, a girka matokarai biyu, dama da hagu, a rami iri ɗaya. A zura sakatar har ta ɓullo ta ɗaya gefen, a maƙala mata ɗan makullinta, sannan a saki iskar a hankali har nauyin ya sauka a kanta. A nan ne na fi ganin ganganci: sakata ta ɓace, sai a yanko rodi ko a ɗauko wani dogon ƙarfe a cusa. An ƙera sakatar asali ne da ƙarfen da aka auna ƙarfinsa, rodin gini kuwa lanƙwashewa yake yi. Matokarai masu haƙori a madadin sakata ma ba su tsira ba, don a shekarar 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai kusan miliyan 1.7 daga kasuwa saboda harshen da ke kama haƙoran yana iya suɓucewa a ƙarƙashin nauyi. Wannan ne ya sa na fi natsuwa da mai sakata a aikin babbar mota. Kafin a shiga, a girgiza motar daga gefe a gani ko wani abu ya motsa. Notin da ya ƙi kwancewa kuma, a sassauta shi tun motar tana ƙasa, domin fizgar doguwar sifana tana iya ture ta daga kan matokari.

Wajen saukewa, mutum ɗaya ne zai riƙe maɓalli, kuma shi da kansa zai leƙa ya tabbata babu yaro ko kayan aiki a ƙasa. A ɗaga kaɗan don nauyin ya bar sakata, a zare ta, a janye matokaran, a buɗe bawul sannu a hankali. Sakatar da ta ƙi fita alama ce cewa har yanzu akwai nauyi a kanta, don haka ba a buga mata guduma.

Babban abokin gaban waɗannan kaya shi ne ruwan da ke taruwa a tankin kwamfuresa, wanda ke bin tiyo ya tsatsar da cikin famfo. A tsiyaye tankin kowace rana, a kuma ɗiga man na'urorin iska ɗigo biyu ko uku a mashigar iskar jak kafin aiki. Ƙurar hunturu tana manne wa sandar ta goge robar, don haka a share ta, a mayar da ita ƙasa gaba ɗaya, a ajiye jak ɗin a tsaye a inuwa. Idan mai ya ragu, man jak za a ƙara. Man birki yana cinye robobin ciki, baƙin mai kuma ya yi kauri. Jak ɗin da ke tashi da tsalle ko yake sauka da kansa, a buɗe bawul a buga shi sau da yawa ba tare da kaya ba don iskar da ta shiga man ta fita, idan bai daina ba a kai shi a canza robobinsa. Dokar OSHA ta ce a yi wa jak cikakken bincike aƙalla duk wata 6, kuma garejin da ke aiki kullum ya kamata ya riƙa rubuta ranar binciken a jikin kayan.

Matokarin da ƙafarsa ta lanƙwashe, ko waldarsa ta tsage, ko ramin sakatarsa ya buɗe ya koma kamar ƙwai, aikinsa ya ƙare. Kada a kai shi wurin mai walda, domin zafin wuta yana canza ƙarfin ƙarfen ta yadda ido ba zai gane ba. A yanka shi gida biyu kafin a kai wa 'yan gwangwan, don kada wani yaron gareji ya tsince shi gobe ya sa a ƙarƙashin tifa.