Guguwar Dusar Ƙanƙara a Amurka da Kanada: Yadda Ake Shirin Kwana Uku a Cikin Gida

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya san hunturu: leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, a hura wuta da asuba a ji ɗumi. Wannan sanin ba ya isar mutum idan ya sauka Winnipeg, Toronto, Minneapolis ko Buffalo, kuma wasu dabarun da ke fitar da mu daga hunturu lafiya su ne ke jefa mutum cikin haɗari a can. Guguwar da ta rufe Buffalo a ƙarshen Disamba 2022 ta ci rayuka sama da 40, wasu a cikin mota, wasu a bakin titi, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke. A Texas, a Fabrairu 2021, hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka mutu, cikinsu har da waɗanda hayaƙin gawayi ko na mota ya kashe garin neman ɗumi.

Abin da ya zo da sauƙi shi ne guguwar ba ta shigowa babu sallama. Hukumomin hasashen yanayi suna sanarwa mataki-mataki, kuma kalmomi biyu za ka gani a wayarka. Idan aka rubuta Watch, ana nufin akwai yiwuwarta nan da kwana ɗaya ko biyu, lokacin zuwa kanti ke nan. Idan ta koma Warning, ta iso ko tana dab da isowa, a lokacin ya kamata a ce kana gida. A Amurka ana kiran guguwa Blizzard idan iska ta kai gudun kilomita 56 a awa, ido ba ya gane abin da ya wuce mita 400, kuma aka ɗauki awa 3 a haka. Ka lura da ma'auni ma: Kanada na amfani da Salshiyos irin namu, Amurka kuwa Farenhait, inda 32 shi ne sifilinmu, sifilinsu kuma digiri 18 ne ƙasa da namu sifilin. Sannan ka duba lambar da ke nuna sanyin da jiki zai ji idan an haɗa da iska. Idan ta kai 28 ƙasa da sifili a Salshiyos, wanda shi ne ma'aunin da za mu bi a nan gaba, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30.

Akwai kuma ruwan sama da ke daskarewa da zarar ya taɓa abu. Ya fi dusa ɓarna ga wutar lantarki, domin yana lulluɓe wayoyi da rassan itatuwa har nauyi ya karya su. Shi ne ya bar miliyoyin mutane cikin duhu a lardunan Kwibek da Ontariyo na Kanada a Janairu 1998, wasu har makonni. Idan hasashe ya ambace shi, ka shirya wa ɗaukewar wuta kai tsaye.

Abin da za a tanada

Lissafin da hukumomin ƙasashen biyu ke bayarwa shi ne gida ya iya riƙe kansa awa 72 babu wuta, babu fita. Ruwa lita 4 ga kowane mutum a rana, wato iyali mai mutum biyar na buƙatar lita 60. Ba dole sai na kanti ba, a wanke tukwane da jarkoki a cika daga famfo. A tara wani daban a bahon wanka don zubawa a masai, amma a rufe ƙofar banɗakin idan da ƙananan yara.

A abinci, ɗan ƙasar Hausa ya fi maƙwabtansa sa'a, domin ya san cimar da ba ta neman murhu: garin kwaki da ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, dambun nama, madarar gari, burodi da kifin gwangwani. Ka tabbata kana da mabuɗin gwangwani na hannu. Ranar da aka ce guguwar za ta sauka da dare, a dafa shinkafa da wake da miya tun da rana, a dama kunu, a cika kowane filas da ruwan zafi. Maganin da ake sha kullum, na hawan jini, ciwon suga ko asma, ya zama akwai na mako guda a hannu. Haka madarar jariri da kunzugu. A yi cajin waya da batirin ajiya, a ajiye tocila da batir a inda hannu zai kai cikin duhu, a riƙe 'yan kuɗi tsaba saboda na'urar kati ba ta aiki idan babu wuta, a cika tankin mota.

Hayaƙin da ba a gani

Nan ne za mu tsaya da kyau. A gida mun saba shigar da kaskon garwashi ɗaki a daren sanyi, kuma sau da yawa abin da ke cetonmu shi ne ɗakin yana shan iska ta ƙofa da taga da ƙarƙashin rufi. Gidan Kanada ko arewacin Amurka an gina shi ne don kada iska ta shiga ko ta fita. Gawayi, fetur, kananzir da gas, idan suna ci, suna fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa ake ɗaukarta a matsayin mura ko gajiya a je a kwanta, wanda ke barci kuwa ba ya jin komai. Idan mutanen gida duka suka fara ciwon kai lokaci guda, a fita waje nan take, a kira lambar agajin gaggawa, 911, daga can.

Saboda haka ba a shigar da kurfoti ko abin gasa nama na gawayi cikin gida, ko gareji, ko da an buɗe taga. Ba a kunna murhun gas ko tanda a bar shi a buɗe don ɗumama ɗaki. Uwargida ta haƙura da turaren wuta na garwashi. Ba a tayar da mota a cikin gareji don cajin waya. Janareta kuwa, wanda muka saba girkewa a baranda ko bayan taga, a can wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga gida, bakin hayaƙinsa na kallon nesa da ƙofa da taga. Kada a soka wayarsa a soket ɗin bango don a raba wa gida wuta: wutar na komawa layin titi ta kama ma'aikacin da ke gyara. A sa na'urar ƙararrawa ta kabon monoksaid mai batir kusa da ɗakunan barci, a danna maɓallin gwajinta tun farkon kakar sanyi.

Wani abin da ake mantawa: injin ɗumama gida na zamani yakan fitar da hayaƙinsa ta wasu fararen bututu a jikin bango, ba su da nisa daga ƙasa. Idan iska ta tara dusa ta toshe su, injin ya mutu ko hayaƙin ya koma ciki. Ka san inda suke tun kafin dusa ta sauka, ka riƙa leƙawa kana sharewa.

To da me za a ji ɗumi? Injin ɗumama gida, ko da na gas ne, fankarsa da lantarki take aiki, don haka wuta na ɗaukewa ya tsaya. A zaɓi ƙaramin ɗaki ɗaya mai ƙarancin tagogi, kowa ya koma ciki, a rufe sauran ɗakuna, a cusa tawul a ƙasan ƙofa, a rataya bargo a taga da dare, da rana a ɗaga idan akwai hasken rana. A shimfiɗa katifa ko barguna a ƙasa. Sutura hawa uku ta fi babbar riga guda: ta ciki mai kama jiki, ta tsakiya ta ulu, ta waje mai tare iska, da hula da safa. Shadda da atamfa da singiletin auduga suna riƙe gumi, gumin ya huce a jiki ya ƙara sanyi. Idan akwai wuta kuma ana amfani da hita, a jona ta kai tsaye a bango, a bar tazarar mita guda tsakaninta da labule ko bargo, a kashe ta kafin barci. Tocila ta fi kyandir aminci.

Ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, wannan ke fasa bututu, kuma ɓarnar ba ta bayyana sai ya narke. Kada ɗumin gida ya yi ƙasa da digiri 13 ko da za ka yi tafiya. A daren tsananin sanyi a bar famfon da ke jikin bangon waje yana ɗiga, a buɗe ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashinsa. Ka tambayi mai gidan haya inda babban makunnin ruwa yake. Bututun da ya daskare da na'urar busar da gashi ake narkar da shi, ba da harshen wuta ba. Firji a rufe yana riƙe sanyi awa 4, firiza cikakkiya awa 48, wadda ke rabi awa 24.

Shebur da mota

Kwashe dusa aiki ne mai nauyi da ake yi cikin sanyin da ke matse jijiyoyin jini, shi ya sa bugun zuciya ke kama maza masu matsakaitan shekaru a kan shebur. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya biya wani ya yi masa. Mai lafiya ya tura dusar maimakon ɗagawa, ya durƙusa da gwiwa idan zai ɗaga, ya fita sau biyu ko uku maimakon ya jira ta taru, ya huta duk bayan minti 15. Gishirin titi yana rage aiki idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, sai a koma ga yashi. Garuruwa da yawa na cin tarar wanda bai share gaban gidansa ba. A birnin New York awa 4 ake bayarwa bayan dusa ta tsaya, ban da sa'o'in dare. Wasu kuma na hana ajiye mota a titi don motocin shara su wuce, wanda ya ƙi a ja motarsa.

Tuƙi cikin guguwa a haƙura da shi, ko da maigidan aiki ya matsa. Idan ta rutsa da kai a hanya, zauna cikin motar, domin wanda ya fita da ƙafa cikin farin duhun nan yakan ɓata 'yan taku kaɗan daga inda ya bar ta. Sai dai ka ɗan fita ka share bakin salansa don kada hayaƙi ya koma cikin motar, ka tayar da inji minti 10 a kowace awa, ka sassauta gilashi kaɗan, ka kunna fitilar haɗari, ka faɗa wa wani inda kake. A but ɗin mota ya kasance akwai bargo, ƙaramin shebur, buhun yashi, abin kankare gilashi, wayar haɗa batir da ɗan abin ci. Tayar sanyi doka ce a Kwibek daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, kuma ko inda ba doka ba ce tana da amfani, domin robar taya ta yau da kullum na sandarewa a ƙasa da digiri 7.

Yatsa, kunne ko hancin da ya yi fari ya daina ji ya fara daskarewa. Kada a murza shi, kada a gasa shi a hita. A tsoma shi a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39, a nemi likita. Wanda ya yi ta karkarwa sannan ya daina, magana ta fara sarƙe masa, barci na fizgarsa, sanyi ya shiga cikinsa sosai. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kira 911.

Sauran lokacin zama ne, kuma zaman ma yana son tsari, musamman da yara. A ƙayyade lokacin cin abinci da na duba waya don batir ya kai, a sauke karatu ko wasannin yara a kwamfuta tun da wuta, a fito da ludo da kati, a zana dara a kwali, a yi tatsuniya idan duhu ya yi. Masallatai kan sanar da rufewa, kuma rangwamen yin salla a gida saboda tsananin sanyi ko ruwa sananne ne a sunna. A riƙa kiran sabbin zuwa da ɗaliban da ke zaune su kaɗai, a ƙwanƙwasa wa tsohon da ke maƙwabtaka. Idan ɗaki ya yi sanyin da jariri ko tsoho ba zai jure ba, gari kan buɗe cibiyoyin ɗumi a makarantu da ɗakunan taro, kuma lambar 211 ko 311 na bayar da adireshinsu a wurare da yawa. Bayan iska ta lafa a kiyayi wayar lantarki da ta faɗi, a ba ta tazarar mita 10, a kuma share dusar kan rufin mota gaba ɗaya kafin a hau titi, don kada ta zamo ta rufe gilashin gaba idan aka taka birki.